Wasalin da Na Ƙara da Hannuna

'Ya'yana, wannan ne babin da na fi jinkirtawa. Na rubuta ƙuruciyata a ruga, na rubuta haihuwarku ɗaya bayan ɗaya, da na iso nan sai hannuna ya yi nauyi har damina biyu ta wuce. Duk kun tashi kuna jin ana ce wa babanku Kofur Kebbi, shi da bai taɓa kwana a Birnin Kebbi ba. Kun kuma tashi kuna da kawu guda, yayana Hamma Manu, wanda bai taɓa shafa kan ɗayanku ba. Ke Balki, ranar da kika dawo daga rijiya kina kuka don mata sun ce ubanki ne ya ƙarar da shanun kawunki da akwatin ƙarya, kin tambaye ni ko haka ne, na ce ki je ki wanke fuska. Yau zan ba ki amsa. Babanku ya rasu, Hamma ya rasu, ba wanda ya saura da ya san abin sai ni.

Babanku ya dawo daga yaƙin Turawa da abu biyu: sanin aikin waya, da kunnen hagu da ba ya ji sam. Na daman ma sai an ɗaga murya. Da ya sauka Tambuwal aka ɗauke shi bin turakun waya na hanyar Sakkwato, in wata ta tsinke ya hau ya ɗaure. Da wannan yake ci da mu. Amma ransa yana zaure, wurin wani tsohon ƙyaure da ya kwantar bisa turmi biyu ya mai da shi tebur. A nan ya haɗa rediyo da hannunsa, da tarkacen da ya adana tun yana soja da wanda direbobin manyan motoci ke kawo masa daga kudu. Ya ja doguwar waya daga tsamiyar ƙofar gida zuwa kan soro don ta kamo masa maganar Kaduna. A shekarun nan na samun mulkin kai kowa yana ƙishirwar labari, kuma in ka cire gidan hakimi ban san wani gida mai rediyo a garin ba. Da la'asar zaurenmu cika yake yi har waje.

To amma mutumin da ba ya ji ne ya ƙera abin saurare. Shi ya sa na zama kunnensa. Ya huda bangon zaure ya zuro wata siririyar waya har ɗakina, a bakinta akwai abin sawa a kunne irin na soja. Ni ce kuma mai naɗa masa wayar tagulla a jikin guntun gora, don ya ce hannun da ya saba da mazari ba ya ɗora zare kan zare. Daga baya ya kai sunana ajin yaƙi da jahilci na mata. Kakarku Inna Kulu ba ta so ba.

"Mace da goyo ta tai koyon a, ba, ca? Ku dai soja ba ku da ta ido."

"Inna, kunnena ta," in ji shi. "Kunne kuwa in ya ji mantawa shi ka yi. So ni kai ta aje min shi bisa takarda."

Sai na bayyana muku abin da yake nema, don in ba ku gane shi ba ba za ku gane laifina ba. Yadda ya koya mini shi ne, murya ba ta iya tafiya daga Kaduna da ƙafarta. Ɗora ta ake yi kan wata igiya da ke gudu cikin iska, kamar kaya bisa jaki. In ta iso akwati, akwai wuri guda da ake sauke kayan a kori jakin. Wurin nan yana da sunansa na Turanci, amma a gidanmu mataci muke ce masa. Abu uku ne a ciki, duka ba su cika tafin hannu ba. Akwai wani ɗan kwalba kamar ƙwayar shinkafa, shi ne ƙofa mai buɗewa gefe ɗaya, a shiga ba a fita. Bayansa akwai wanda yake ce wa tulu, mai tara abin da ya shigo. Sai na ukun, ɗan rami a gindin tulun inda yake tsiyayewa. Ya ce duk sauran akwatin ƙara ƙarfi kawai yake yi. In mataci ya ɓata murya, to ɓatacciyar za a ƙara wa ƙarfi.

Namu kuwa yana ɓatawa. In mai magana ya ɗaga murya sai ta tsage kamar an yaga sabon yadi. In ya sassauta, kamar yadda mutum ke yi a ƙarshen kalma, sai ta nutse. Malam Ɗan'ige tela, wanda ba ya fashin zaure, kullum sai ya tsokane shi.

"Kofur, mutumen naka mura shi ka yi har yau? A aika mai citta mana."

A yi dariya, babanku ma ya yi, ko da rabin maganar ya ji. Mutane sun gamsu da akwatin haka nan, shi ne bai gamsu ba. In sun watse sai ya narka dalma ya cire tulu ya sa wani, ya kusanto bakinsa ramin bango.

"'Yar Fillo, mi kinka ji?"

Ni kuma in karanto masa abin da na rubuta a ɗan littafina mai jan bango. Doka ɗaya ya kafa mini tun ranar farko, ya kuma maimaita ta har ta gundure ni.

"Abin da ba ki ji ba, kak ki rubuta shi. Bar gurbinai fili. Gurbin nan shi ni ka biɗa."

Don haka littafin nan cike yake da guntayen kalmomi. Shi kuwa ya bi su da yatsa yana ƙirga gurabe, in sun ragu ya san ya matsa gaba, in sun ƙaru ya koma baya. Ban ɓoye muku ba, waɗannan su ne kwanakin da na fi jin daɗin aure. Ba kowace mace ce mijinta ke tambayarta abin da ta ji ba.

Hamma Manu bai taɓa son auren ba. Ni 'yar ruga ce daga dajin Kebbe, shi ne babba a gidanmu bayan rasuwar mahaifinmu Baffa, kuma a ganinsa an ba da ƙanwarsa ga Bahaushe kurma wanda ba shi da ko akuya. Ba ya zagi, Hamma. Murmushi yake yi, murmushin kuwa ya fi zagi zafi. In ya shigo cin kasuwa yakan tsaya bakin zaure da sanda a wuya ya ce, "Yaya garken naka, Kofur? Sun sha ruwa?" yana nuna tarkacen tebur da haɓa. Akwatin kuwa tukunyar ƙudaje yake ce masa. Babanku bai damu ba. Ni ce abin ke ci.

A shekarar da nake ba ku labari, bayan an gama girbi, Hamma yana zaune da shanu a gonakin wajen Dogon Daji suna cin kara. Kara ya kusa ƙarewa, dole ya tashi. Hanya biyu gare shi: ko ya gangara kudu dajin Kebbe inda mahaifiyarmu Dada take, ko ya yi yamma zuwa fadamun wajen Birnin Kebbi. Garken kuwa ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai na Dada, akwai na ƙannenmu, akwai ma wata farar saniya tawa da Baffa ya ba ni tun ina yarinya, da 'ya'yanta.

Ana gobe kasuwa, da hantsi, babanku ya fita gyaran waya. Ya bar mini akwati a kunne don ya sa sabon tulu yana son ya san halinsa. Tulun nan ya fi na da girma, ya kashe tsagewar murya, amma maganar ta zama kamar daga cikin randa. Ina zaune ina tsince wake da abin a kunnena sai na ji sanarwa daga malaman dabbobi. An ce bushiya ta ɓulla, makiyaya su nisanci mashayar ƙasar, sai aka faɗi sunan wurin. Ku da kuka tashi a gari ba ku san bushiya ba. Cuta ce da in ta shiga garke da safe, kafin mako biyu mai shanu ya koma mai sanda kawai. Na watsar da wake na ɗauki fensir. Na ji Ke, na ji b mai nauyi. Ƙarshen ya nutse. Na rubuta Kebb, na bar gurbi, yadda aka koya mini. Na jira a maimaita, aka sa kiɗa. Da la'asar na sake kasa kunne, ba a sake faɗa ba. Babanku ya dawo a gajiye da ƙafa a kumbure, na ce bari sai gobe.

Kashegari Hamma ya zo daga kasuwa, zaure cike da mutane. Ina jin su ta ramin bango. Hamma ya ce ana ta raɗe-raɗin cuta a kasuwar shanu, wani ya ce gabas, wani ya ce yamma, ba wanda ya sani.

"To Kofur, ga ranar tukunyar ƙudaje ta zo. Ko dai waƙa kaɗai ta iya?"

Babanku ya ce shi bai kasance gida ba jiya, amma bari a tambayi mai kunne. Ya kira ni. Na zo bayan ƙyaure na durƙusa na gaida yayana, na ce lalle an yi sanarwa.

"Ina anka ce, Dije?" in ji Hamma.

Na ce bari in ɗauko littafi.

Tsakanin zaure da ɗakina taku goma ne. A cikin taku goman nan na ji dariyar da za a yi in na dawo na ce ban ji ƙarshen ba. Na ji muryar Hamma yana cewa, to, tukunya ta cinye wurin da ake so. Na ga murmushin. Na kuma ce wa raina, Kebbi ce babba, ita ake ambata kullum a rediyo, wa ya san da Kebbe a Kaduna? Kuma Dada tana Kebbe, zuciyata ba ta son cutar ta kasance can. Duk wannan na tara, ba ko ɗaya a ciki da ya fito daga kunnena. Na buɗe littafin a tsaye, na dafa shi a bango, na ja sanda ɗaya na ɗiga mata ɗigo. Ya zama Kebbi.

Na miƙa wa babanku. Ya duba, ya daɗe yana dubawa.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Ya juya wurin Hamma ya ce, "Kebbi anka ce. Kak ka yi yamma."

Ranar nan Hamma bai yi murmushi ba. Ya ce, "Ashe tana da amfani." Har ya miƙa wa babanku hannu. Na koma ɗaki ina jin kamar an naɗa ni sarauta. Bayan kwana uku ya kaɗa shanu ya yi kudu.

Ba zan ba ku labarin abin da ya faru a dajin Kebbe dalla-dalla ba, don ban gani ba, kuma wanda ya gani bai taɓa iya faɗa ba. Shanunmu sun sha ruwa a mashaya ɗaya da shanun da suka kamu. Abin da ya tsira bai cika yatsun hannu biyu ba. Farar saniyata tana cikin na farkon da suka mutu. Da wata ya kusa cika sai ga Hamma a ƙofar gida da la'asar, lokacin da zaure ya fi cika. Bai yi sallama ba. A kafaɗarsa akwai dangwali, doguwar igiyar nan mai madaukai da ake ɗaure maruƙa. Ya sauke ta a gaban akwatin, madaukai duk a buɗe.

"Ga su nan, Kofur. Ka ɗaure ƙudajenka."

Ba wanda ya yi motsi. Ina bayan bango hannuna a kan ƙofa, bakina ya buɗe zan yi magana. Babanku ya riga ni.

"Akwatina yay yi ƙarya. Ban gama shi ba nib bari anka dogara gare shi. Laihina na, ba na kowa ba."

Hamma ya ce daga ranar ba shi ba gidan nan, kuma duk wanda ya fito daga cikinsa kada ya taka rugarsa. Ya cika maganarsa har ya mutu. Ya koma kiwon shanun wasu, shi da ake sallama da shi a matsayin mai garke. Da Dada ta kwanta ciwon ajali na je, aka bar ni na shiga, amma ya tashi ya fita, bai dawo ba sai da na tafi.

Bayan mutane sun watse a ranar dangwalin, na sami babanku na ce zan bi Hamma in faɗa masa gaskiya. Ban ma ce wace gaskiya ba, shi ma bai tambaya ba.

"Zamna," in ji shi. "Ni bai taɓa ɗaukata komi ba, ban yi asarar komi gare shi ba. Ke ɗan'uwanki na. In kinka faɗi, kin rasa shi."

Na zauna. Na ce biyayya ce. Yau da na tsufa na san tsoro ne, biyayyar mayafi ce kawai na samu na lulluɓa. Kuma shirun bai saya mini komai ba, ɗan'uwan na rasa shi duk da haka. Abin da ya ƙaru kawai shi ne sunan da aka liƙa wa babanku. Malam Ɗan'ige ne ya fara, da wasa, sai gari ya ɗauka. Mutanen da suka shekara suna shan labari a zaurensa kyauta, su ne suka koma in ya wuce su ce, Kofur, yau ina anka ce? Zaure ya bushe. Har masu zuwa jin ganin wata suka daina.

Shi kuwa bai daina ba. Duk bazarar nan, da zafinta, yana kan ƙyauren nan. Yana kira ta rami, ina amsawa, ina barin gurbi inda ya kamata. Ban sake cike ko ɗaya ba. A hankali ya gano abin. Tulun ya yi girma, ba ya tsiyayewa da wuri, shi ya sa ƙananan motsin murya, irin waɗanda ke raba wannan wasali da wancan, suke nutsewa a ciki. Ya sa ƙarami. Sai ƙofar: ya ce tana da nauyi, murya mai ƙarfi kaɗai ke iya tura ta, mai rauni sai ta tsaya waje. Ya ɗauko batirin tocila guda ya ba ta ɗan ƙarfi kaɗan, yadda kullum za ta zauna a ɗan buɗe, kamar yadda ake tokare ƙyaure da dutse. Ya ƙara ƙarfin abin da ke shigowa kafin ya iso ƙofar, ya kuma rage nauyin abin da ke janye murya a bayanta. Kowane ɗaya ya ci makonni.

Ranar da ya haɗa su duka, farkon damina ne, an yi yayyafi da safe. Na sa abin a kunne sai na waiga, don na zaci wani ya shigo ɗakin. Ina jin numfashin mai magana. Ina jin ya juya takarda. Shirin gaishe-gaishe ake yi, ana karanta wasiƙu. Babanku bai kira ta rami ba, ya zagayo ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce in ci gaba da saurare har a ambaci ɗaya daga cikin garuruwan nan biyu. Mun jira kwana huɗu. A na huɗun wani malamin asibiti ya aiko da gaisuwa ga iyayensa.

"Mi kinka ji?"

"Kebbe."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata. Kamar a bakin Dada."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki littafin jan bango daga kan gado, ya buɗe shafin nan ba tare da ya nema ba, ya ɗora yatsa a kan wasalin.

"Duk rubutunki zaune ki ka yin shi, shi ya sa shi ka miƙewa. Wanga ya karkace. Tun ranar nig gani." Ya rufe littafin. "Da kin ce ba ki ji ba, da ba ki kunyata ni ba, Dije. Aikin nan duka bisa ba ki ji ba shi ke tsaye. Ni ma da nig gani sai in tsaya, amma nis so Manu shi miƙo min hannu."

Wannan ne karo na farko da ya kira ni da sunana, kuma shi ne karo ɗaya da muka yi maganar. Da yamma ya zare wayar daga ramin bango, ya naɗe ta a hannu, ya toshe ramin da laka. Bai yi fushi ba. Mun ƙara shekaru masu yawa tare, bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai hana ni komai ba. Amma bai sake tambayata me na ji ba.

Ba a daɗe ba rediyon kanti suka cika kasuwa, 'yan ƙanana masu jakar fata. Kowa ya saya ya rataya a kafaɗa, suna ta tsagewa suna cinye ƙarshen magana, ba wanda ya ce uffan. Akwatin da ya fi su duka tsabtar murya yana zaurenmu, mai shi ba ya jin sa, mai jin sa an toshe mata rami, gari kuwa yana kiransa akwatin ƙarya. Da ya rasu, ku da kanku kuka kwashe shi kuka kai bayan rumbu don kunyar sunan. Na gan ku, ban ce komai ba. Shi ma wannan shirun nawa ne.

Littafin yana cikin akwatin ƙarfena, ƙarƙashin zanen da na yi wa kaina tanadi. Kai Umaru, kai ne babba. Ba na son ka jira sai na mutu. Ka ɗauke shi ka tafi Kebbe, ka nemi 'ya'yan kawunku, an ce biyu suna nan suna sayar da itace a bakin tasha. Ka karanta musu wannan babi da bakinka, ka buɗe musu shafin. Ko ba su iya karatu ba za su gani, baƙaƙe huɗu a miƙe, na biyar a karkace. In sun tambaye ka wa ya rubuta na biyar ɗin, kada ka sassauta murya a ƙarshe. Ka faɗi sunana duka.